Mai Kiwo da Farantin Ranar Alhamis

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mutumin da duk wanda ya san shi a jami'a yake kira Mai Kiwo. Ya cika a asibiti bayan jinyar mako uku, yana da shekara hamsin da tara. Na Allah ne shi, na Allah ne mu, kuma inda ya nufa can muka dosa gaba ɗayanmu. Ciwon ƙoda ne ya zama ajalinsa. Na faɗi wannan tun da wuri saboda za a ambaci zuciya da yawa a rubutun nan, kada mai saurin haɗa labari ya ɗauka ita ce ta gaza masa.

Ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki shida. Matarsa ta riga shi da shekara takwas. Ya kuma bar wani ɗan faranti mai murfi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, a cikin akwatin ɗumi a bene na biyu na ginin kimiyya. 'Ya'yan sun girma, kowa na ci da kansa. Farantin ne ba ya jure kwana biyu ba a ba shi abinci ba. Mako guda bayan jana'iza hukumar sashen ta fitar da takarda: kafin ƙarshen wata, ko dai mai abin da ke cikin farantin ya sa hannu a ci gaba da kiwonsa, ko kuma a zuba masa maganin kashe ƙwayoyi a wanke, a kwaso 'yan'uwansa da ke ajiye cikin sanyi a yi musu haka su ma. Zan zo kan takardar nan. Tsoho ne ni, ba na fara labari daga wutsiya.

Ni malamin sakandare ne mai ritaya. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da ilimin halittu da alli da allo. A gaban kakata na tashi, mace ce da ko aikenka za ta yi sai ta fara da labarin wanda aka taɓa aika bai dawo ba, don haka ni ma duk abin da na koyar da labari na koyar da shi. Ɗalibaina sun san hanta da ƙoda kamar maƙwabtansu, sun san wace ce mai haƙuri, wace ce mai mita. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne ganin ƙwayar halitta da idonsu. Madubin likita guda ɗaya makarantarmu ta mallaka, wanda ke nuna abin da ido ba ya gani, kuma yana kulle a kabad ɗin shugaban makaranta don kada ya lalace. Har na bar aiki bai lalace ba, a gaskiya.

Shekara goma sha takwas ke nan da na tafi jami'a neman aron madubi. Wannan ofishi ya tura ni wancan, wancan ya ce mai makulli ya fita, har na gaji na zauna a kan wani benci a bene na biyu. Wani siririn mutum cikin farar riga ya fito daga wani ɗaki yana tura amalanken kwalabe. Na zayyana masa buƙatata tun daga tarihin makarantarmu. Ya tsaya ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Ba a ba da aro. Kawo yaran." Na ce yaushe? Ya ce, "Alhamis. Goma sha biyu, kada su wuce." Ya tura amalankensa ya yi gaba. Wannan ita ce doguwar hirarmu ta farko, kuma cikin shekara goma sha takwas ba mu yi waɗanda suka fi ta tsawo da yawa ba, in ana maganar nasa ɓangaren.

Ba farfesa ba ne, ba dakta ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, irin mutanen da sunansu ke fitowa can ƙasan takardar bincike, a layin godiya, da ƙananan haruffa. Aikinsa shi ne raya ƙwayoyin da masu bincike ke aiki da su. Zan yi wa mai karatu bayani yadda na saba yi wa yara, ko da yake mai gyara mini ba ya nan. Jikin mutum ƙwayoyi ne, kowace da sana'arta: ta fata tana rufi, ta jini tana dako, ta zuciya tana bugu. Amma akwai wasu da ba su zaɓi sana'a ba tukuna, ana kiransu ƙwayoyin tushe, waɗanda in an bi da su yadda ya kamata za su iya zama wannan ko waccan. Su ake bincike a kansu a ɗakin. Suna zaune a cikin faranti, cikin wani jan ruwa wanda shi ne abincinsu, a akwatin da ɗuminsa yake daidai da na jikin mutum. Kullum sai an tsotse tsohon ruwan an zuba sabo. Ba su san Asabar ba, ba su san hutun ƙarshen shekara ba, ba su san yajin aiki ba. Ɗalibaina ne suka ga yana wannan hidima suka sa masa Mai Kiwo, sunan ya bi shi har ofishin shugaban jami'a.

Ranar Alhamis tana da tsarinta. A wanke hannu har gwiwar hannu, a sa riga, a sa safar hannu, a ɗaura takunkumi a baki da hanci. Doka ɗaya ce yake faɗa da bakinsa: ba a magana in faranti yana buɗe, domin abin da ke fita daga bakin mai lafiya ya isa ya kashe su. Sauran dokokin a fuskarsa ake karantawa. Ya ajiye wata 'yar kujera ta katako saboda gajeru. Ya lura safar hannun da ake kawowa ta yi wa yara girma, ya dinga bin masu sayayya har suka fara haɗo ƙanana. Yaron da ya fi kowa noƙewa, wanda ke laɓewa a bayan layi, shi yake bari ya fi daɗewa a kan madubi, ya juya baya kamar yana neman wani abu a kabad. Matan da ke share ginin ma duk sun leƙa madubin nan, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an rubuta a ko'ina ba.

A rukunin farko da na kai akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha shida, ƙaninta yana fama da sikila. A lokacin ƙwayoyin ɓargo ake nazari a ɗakin, waɗanda jini ke fitowa daga cikinsu. Da aka fito waje ta tare shi ta ce, "Baba, wannan zai warkar da ƙanina?" Ni da nake tsaye na riga na haɗa amsa mai daɗi. Shi kuwa ya ce, "Akwai inda ake dasa wa mutum na ɗan'uwansa. Yana da wuya, yana da haɗari, ba kowa ke dacewa ba. Mu nan ba mu kai ba." Ta ce yaushe za ku kai? Ya ce, "Ban sani ba. Hannu ya yi mana kaɗan." Da yaran suka sauka na yi masa faɗa, na ce yarinya ƙarama ai lallashi take so. Ya ce, "Tambaya ta yi." Ƙanin nata ya rasu bayan shekara biyu. Ita ce yanzu Dakta, ita ke shugabancin ɗakin, kuma ita ke ciyar da farantin tun ranar da aka kwantar da Mai Kiwo a asibiti. Haka yake amsa wa kowa. Masu zuwa da takardar tallar wata allura da aka ce an yi ta da ƙwayoyin tushe, tana maganin tsufa da shanyewar jiki da ciwon suga a lokaci guda, yakan karanta ta har ƙarshe ya miƙa musu abarsu ya ce, "Kada ku je."

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wata dabara ta iso ɗakin, wadda masana suka daɗe da ganowa a wasu wurare: a ɗauki ƙwayar fatar babban mutum, a mai da ita baya ta manta sana'arta ta koma ta tushe, sannan a koya mata wata sana'ar. Aka ce ana son wanda zai ba da 'yar fata don a raya zuriyar ƙwayoyi, layi guda na koyarwa kawai, ba na bincike ba. Kafin a rufe baki na naɗe hannun riga. Likita ya yanki abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba a damtsena, na sa hannu a takarda, na koma gida ina nuna wa jikokina filasta kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Bayan wata huɗu Mai Kiwo ya kira ni a waya ya ce, "Zo." Na je. Ya nuna mini madubi da haɓa. Na leƙa. Wani ɗan fili ne launin toka, kamar an shimfiɗa jiƙaƙƙen mayafi, sai na ga ya motsa. Ya tattaru, ya saki. Ya tattaru, ya saki. Fatar damtsena ce ta zama naman zuciya, tana bugu a cikin faranti, babu jini, babu ƙirji, babu wanda ya ce mata ta yi.

Daga ranar Alhamis ta canza. Makarantun da ba su taɓa amsa wasiƙata ba suka fara turo tasu. Nakan tsaya a bakin ƙofa in yi shela: yau za ku ga zuciyar malaminku. Wani ɗan baki a cikinsu ya taɓa cewa, "Malam, ashe kana da ita? Ranar jarrabawa ba mu gan ta ba." Na ce ai shi ya sa, tana nan a ajiye. Ban ƙirga waɗanda suka shiga kimiyya ta ƙofar nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa duka suka shiga ba. Da yawa sun leƙa sun ce tabɗi, sun koma sun zama abin da za su zama. Amma na san masu haɗa magani uku, da ungozoma, da likitan dabbobi, da malaman makaranta fiye da goma, waɗanda in ka tambaye su inda abin ya fara za su ce maka a kan 'yar kujerar katako.

An yi wani tsaiko tun a farko-farko, ba a fi mako shida da fara bugun ba. Wata biyar cur yara na zuwa ana nuna musu fatar albasa da ɗigon jini. Ina tambaya ina zuciyata, yana cewa, "Ba su shirya ba." A cikin watannin na ga filasta a hannunsa na hagu, na ce me ya same ka? Ya ce, "Aiki." Na yi masa tsiya na ce ka ga nawa ka yi sha'awa. Bai tanka ba. Ba abin mamaki ba ne, rashin tankawa ai harshensa ne. Da wata na shida ya kama bugu ya dawo, na koma shelata.

Kada a ce na zo yabo kawai. Mutumin nan yana da nauyin da iyalinsa suka ɗauka ba tare da an tambaye su ba. Bai taɓa kwana biyu a wajen gari ba. Ranar ɗaurin auren babbar 'yarsa an neme shi an rasa na awa guda da rabi, ya dawo yana warin maganin wanke hannu. Naman zuciyar da ke faranti ba ya wuce 'yan watanni, sai a ciro wata 'yar kwalba daga tulun sanyi a narkar, a raya, a sake koya musu bugu, kuma bai yarda wani hannu ya yi wannan ba sai nasa. Shi ne ma ya sa aka ƙara layi a takardar amincewa, cewa in kiwon ya bar hannunsa sai an sake tambayar mai ƙwayoyin ko magadansa. Wannan layin ne ya haifi takardar da na ambata.

Da na ji labarinta ban damu ba. Na sa rigata mai kyau, na ɗauki alƙalamin da aka ba ni ranar ritaya, na hau bene na biyu ina hutawa a kowane mataki na biyar. Dakta ta gaishe ni, ta ja mini kujera, ta ce, "Malam, zauna tukuna." Ta ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ɗaya daga cikin littattafan da yake rubuta aikin kowace rana, ta buɗe inda ta sa alama ta juyo mini da shi. Ta ce ita ma shekaranjiya ta gani. Rubutunsa ne, ƙanana kamar tururuwa sun yi layi.

"Alhamis. Ina nuna ciyarwa. Malam ya sauke takunkumi ya ba da labari. Faranti a buɗe, kwalbar abinci a buɗe."

"Lahadi. Ruwa ya gurɓace a duka huɗun. Na zubar. Ban riga na ajiye na sanyi ba, wannan laifina ne."

"Litinin. Ba zan gaya masa ba. In ya sani zai ji kunya ya daina zuwa. In ya daina zuwa babu mai kawo yaran."

Ta buɗe wani shafin, mako biyu gaba. "An yanki nawa, hannun hagu. Shugaban sashe ya sa hannu."

Na tuna ranar sarai. Wata yarinya ce a baya ta ce ba ta jin abin da nake cewa, ni kuwa labarin ya zo daidai wurin daɗinsa. Na ja takunkumin ƙasa, na sunkuya kusa da inda yake aiki don in nuna da yatsa. Na tuna ya ɗago ya dube ni, ya mai da murfi a hankali. Na ɗauka labarin ne ya burge shi.

Na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya ina neman ranar da ya ce da bakinsa ƙwayoyin nawa ne, ban samu ba. A jikin kwalaben lamba ce a rubuce, takardun ofis daidai suke, babu wanda aka yaudara a hukumance. Ni ne mai shela, shi kuwa yana tsaye a bayana yana gyara madubi. Shekara goma da 'yan watanni ina taƙama da zuciyar wani a gaban mai ita. Na mai da alƙalamina aljihu. Dakta ta ce, "Sa hannun ba naka ba ne, Malam. Na babbar 'yarsa ne. Na kira ta, ta ce a zubar."

Tela ce, tana da shago a wani layi mai cunkoso, kekuna uku da teburin yanka. Na same ta da tef a wuya da almakashi a hannu. Tun tana budurwa na san ta. Ta ba ni kujera, ba ta ajiye almakashin ba.

"Kawu, na san abin da ya kawo ka. A zubar."

Na ce ban zo musu ba, na zo jin dalili.

"Dalili? Ni ce 'yar fari a takarda, amma a gidanmu faranti ne ɗan fari. Shi ake fara ba abinci. Mama na kwance a asibiti yana duba agogo. Yanzu kuma a ce mun binne shi, amma wani yankinsa yana can yana motsi yara na kallo?" Ta yanke wani ƙyalle da bai yi mata laifin komai ba. "Kawu, tsakani da Allah, shi ne ko ba shi ba ne?"

Nan ma amsa mai daɗi ta zo mini har bakin leɓe, na tuna mai littafin na haɗiye ta. Na ce ba shi ba ne. Ba ya ji, ba ya gani, bai san ki ba. Daga jikinsa ya fito kamar yadda gashi ke fitowa, sai dai wannan yana da motsi. Abin da ya wuce haka ban sani ba, kuma hakkinki ne ki ce a zubar, babu mai ganin laifinki. Abu ɗaya na roƙa, ki gani da idonki kafin ki yanke.

Ta ce, "Yaran gari kaf sun gani. Ni bai taɓa cewa in zo ba."

Na ce ke kin taɓa cewa za ki zo?

"Kawu, 'yarsa ce ni. Nauyin bakin nan gado ne."

Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Alhamis ta ƙarshe a watan, saura kwana huɗu wa'adi ya cika, yara goma sha biyu suka jeru a barandar bene na biyu. Na tsaya a bakin ƙofa inda na saba. Ina buɗe baki na hango tela tana hawowa, ta tsaya a bayan layi ta harɗe hannu. Na gaya wa yaran abin da ke littafin, ban rage ba: yadda na sauke takunkumi, yadda nawa suka mutu da kwana uku, da wanda ya naɗe hannun rigarsa bai gaya wa kowa ba. Shi ne labari mafi gajarta da na taɓa bayarwa, kuma shi kaɗai ne aka saurara babu mai motsi. Da na gama wata 'yar mai tabarau ta ɗaga hannu ta ce, "To Malam, taka tana ina ke nan?" Na ce tana nan inda aka fara sa ta, tana lallaɓawa.

Tela ta wanke hannu har gwiwa ba tare da an nuna mata ba. Ta ce a bar yaran su fara. Da aka zo kanta ta ce tana son ganin yadda ake ciyarwa. Dakta ta zauna, ta buɗe murfi, ta tsotse tsohon ruwan da ya fara komawa rawaya, ta zuba ja. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai hurin iska. Takunkumina yana inda ya kamata, har na dafe shi da hannu don kada a samu matsala. Da murfi ya koma, tela ta ce a hankali, "A gida ma haka yake. Ba a magana a kan buɗaɗɗiyar tukunya. Mun ɗauka tsabar iko ne."

Gajera ce kamar mahaifiyarta, sai da ta hau 'yar kujerar katako. Ta daɗe a kan madubin fiye da duk yaron da na taɓa gani. Dakta ta juya baya tana neman wani abu a kabad. Ban ga fuskar tela ba, takunkumi ya rufe rabi, madubi ya rufe rabi, don haka ba zan ƙirƙira mata hawaye ba. Da ta ɗago abin da ta ce shi ne, "Ko ɗinki ɗaya ba ya tsallakewa."

A baranda ta karɓi takardar ta karanta har ƙarshe. Ta ce in ara mata alƙalami. Na ba ta na ritaya, ya samu aikin yi a ƙarshe. Kafin ta sa hannu ta rubuta sharaɗi biyu a ƙasa, ta karanta mana. Na farko: muddin yara na zuwa ranar Alhamis a ci gaba da kiwo, ranar da suka daina a kira ta, a tsayar da shi, a ba ta ta binne, ba za a wanke mahaifinta a kwatami ba. Na biyu: kiwon ya zama na mutum uku suna karɓa-karɓa, kada a sake samun wanda zai bar ɗaurin auren 'yarsa saboda faranti. Dakta ta ce ta karɓa, kuma hukumar sashe ta amince da sharuɗɗan washegari. Tela ta miƙo mini alƙalamina ta ce, "Kai kuma Kawu, daga bakin ƙofa." Wannan bai shiga takarda ba, amma shi aka fi kiyayewa.

To, Mai Kiwo, yanzu da kai nake. Ka san ban iya gajeren zance ba, ka jure shekara goma sha takwas, ƙara jure 'yan layuka. Na karanta abin da ka rubuta ranar Litinin ɗin nan, kuma ka yi gaskiya: da ka gaya mini da kunya ta hana ni hawa benen. Ka san ni fiye da yadda na san kaina, ni kuwa na yi zaton mai yawan magana shi ne ya san mutane. Ban gode maka ba kana raye, domin ban san akwai abin godiya ba, kuma haka ka tsara. Na yafe maka shirun, ka yafe mini surutun. Alhamis da ta wuce an zo da goma sha biyu, an rubuta na wata uku masu zuwa. 'Yar kujerarka ƙafa ɗaya ta fara rawa, surukinka ya ɗauka zai gyara. Shelar ta canza. Yanzu ina cewa: za ku ga aikin wani mutum da bai cika magana ba, ku wanke hannu.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ka rufe a baƙin littafi. Ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Duk idon yaron da ya buɗe a kan madubin nan, Allah ya sa ladansa ya riske ka inda kake. Ya haɗa ka da matarka a gidan da ba a duba agogo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babbar 'yarsa da ƙannenta uku, da jikokinsa, da surukansa, da Dakta da sauran abokan aikinsa na bene na biyu, da matan da ke share ginin, waɗanda suka zo jana'iza tun kafin manya su iso. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari, na gida da na faranti. Mu da muka saura, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.